Ranar Da Baba Ya Gwada Jarrabawar Auta

Tun da sakamako ya fito Auta ta sake faɗuwa jarrabawar ƙwararrun akantoci, mahaifinta, tsohon akanta, ya hana kowa sakat a gidan. A zamaninsu, in ji shi, daga kai sai biro sai rula. 'Yan yanzu kuwa kwamfuta ke tauna musu, haɗiyar ma ta gagara. Da gorin ya ishi Auta, ta ce ta haƙura, ba za ta ƙara zama ba.

Mama ce ta ce tunda abin ba wuya, ai gani ya kori ji.

Ya ɗora tabarau ya zauna a teburin falo, Auta ta buɗe masa jarrabawar gwaji a kwamfuta. Tambayar farko labarin wani kamfani ne mai ciniki da kuɗin ƙasashe daban-daban. Ko ƙarshenta bai karanta ba ya jawo takarda, ya ja layi, ya hau lissafi, yana jera kowane mataki don mai ba da maki ya gani, yadda aka hore su. Auta na tsaye a bayansa ta saki baki. Abin da take danna maɓalli ta samu, shi hannun tsohon nan ke fitarwa, ko gogewa babu.

Da ya ɗago, ashe lissafin yana ƙasan shafi, kyauta aka bayar. Abin da ake tambaya daban: manaja ya ce a ɗage bayyana asara, me za ka gaya wa masu hannun jari? Amsoshi na jere, kowacce da ƙamshin gaskiya. Agogon kusurwar allo ya ci rabin lokaci, sauran tambayoyin ko taɓa su bai yi ba.

Mama ta leƙo ta tambaya ko a ƙaro masa rula. Bai ma ji ta ba.

"Auta, duk wannan a zama ɗaya?"

"Wannan ce mai sauƙin, Baba."

Ya ce to wacce amsar za ta zaɓa. Ta nuna, ta kawo dalili, ta warware masa inda sauran suka karkace. Ya jima yana kallonta kamar yau aka haɗa su.

"Ki je ki sake rajistar jarrabawar," ya ce a hankali. Ya jawo mata kujera kusa da tasa. "Amma zauna tukuna, ki nuna mini tambaya ta biyun."