Hutun Baba na Mako Biyu

Shekara ashirin da bakwai Baba ya yi yana gyaran injinan masaƙa, kuma duk bayan wata goma sha ɗaya sai a ba shi hutun mako biyu. Har alfahari yake da hutun nan. Yakan miƙe ƙafa a tsakar gida ya ce ko manaja bai fi shi gata ba. In ya koma, a miƙo masa sabuwar takarda ya dangwala, ya ci gaba da aiki.

Da ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji, likita ya ce lallai ya bar aikin, sai na raka shi ofishin kula da ma'aikata na masaƙar mu ji batun fansho da inshorar lafiya. Jami'in da muka tarar sa'ana ne, mai ladabin da ke ƙara wa mutum takaici. Ya ba mu kujera, ya yi ta jera "sannu Baba", sannan ya bayyana mana cewa fansho da inshora na ma'aikatan dindindin ne, kuma ba a tabbatar da wanda ba shi da takardar sakandare. Hutun nan ma ba hutu ba ne. Sallama ce. Kowace shekara korar Baba ake yi, a sake ɗaukarsa sabo fil. A fayil ɗinsu, watansa bakwai da fara aiki.

Zuciya ta ɗebe ni. Na tambaye shi injiniyoyi nawa ne masu digiri ke harɗe hannu a bayan tsohon nan idan inji ya ƙi tashi. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Na so in kifa masa teburin, amma rabin haushin nawa na kaina ne. Da ƙirjin nan aka biya mini makaranta, ban taɓa cewa bari in karanta abin da yake dangwalawa ba.

Baba ya gama tarinsa, ya goge baki.

"Yaro, in ina aiki, ɗakin shan magani na masaƙa zai ci gaba da ba ni maganin shaƙar nan?"

Jami'in ya ce ƙwarai, muddin yana aiki.

Baba ya dafa tebur ya miƙe. Na riƙo hannun rigarsa, na tuna masa abin da likita ya faɗa. Ya cire hannuna a hankali.

"Je ki gida, uwata. Kar su rubuta na makara."

Ina tsaye ina kallo ya tura ƙofar ɗakin injina, ya shige cikin ƙurar.