Motar Usuman Mai Walda

Duk unguwar Karantina babu wanda bai san tsohuwar motar Usuman mai walda ba, Shabarole. Zamanin Sarki Faisal ne, motoci sababbi sun cika Jidda, ita kuwa tana ƙofar gida ƙarƙashin buhuna, awaki na hawa suna sauka. Tun rasuwar matarsa Dela bai ƙara taɓa ta ba. Shi ma haka ya koma, sai ya wuni bai yi magana da kowa ba in ba mai shayi ba.

Ran nan bayan Juma'a ya tara 'ya'yansa uku, ya ce rufin motar zai yanke.

Abdulghani, babban ɗan, direban bas ne. Ya ce, "Baba, lafiyayyen rufi? Me ya yi maka?"

"Bana da ita za mu Arfa, mu duka," in ji Usuman. "Mahaifina da harami bai taɓa yarda wani abu ya shiga tsakanin kansa da sama ba. Ni ma haka nake so, ko sau ɗaya."

Gaskiyar magana, ba rufin ne ya dame shi ba. So yake ya juya ya ga 'ya'yansa a mota guda, kamar dā.

Aikin kuwa ya yi daɗi, wallahi. Duk Juma'a Abdulghani zai zo daga Mahjar, Hamad daga ofishin muɗawwifin da yake wa aiki, mai kula da alhazai, Mastura daga gidan mijinta a Nuzla da tukunyar shinkafa da kifi. Suka cire gilasai. Usuman ya gitta ƙarfe daga ƙofa zuwa ƙofa ya yi masa walda, don kada jikin ya saki in an raba shi da rufi. Hamad, sarkin gaggawa, ya karya bakin zarto har biyu, Mastura tana yi masa dariya tana ɗinka matasai, kowa da nasa. Usuman yana jan aikin da gangan. Ginshiƙin da zai yanku a yini ɗaya sai ya ce a bari sai wani mako.

Amma komai ja, rufi ya yanku. Suka kama shi su huɗu, Abdulghani ya ce yalla, suka ɗaga suka jingine da katanga. A Juma'ar da ta biyo babu wanda ya zo, don babu sauran abin yi.

Da jiragen alhazai suka fara cika tashar ruwa, Hamad ne ya fara zuwa, yana sosa ƙeya. Muɗawwifi ya ce ko barci ba a ba kowa ba, balle hutu. Mastura cikinta ya tsufa, mijinta ya hana. Abdulghani ya zo ƙarshe, ya tsaya bai zauna ba.

"Baba, kai ma ka sani, mutumin Jidda aiki yake yi lokacin Hajji. An rubuta ni a bas. Baɗi in sha Allah."

Usuman ya sani mana, shi ma haka ya yi rayuwarsa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Allah ya yi albarka." Ransa ya ɓaci, amma bai nuna ba.

Ranar fita Mina ya ɗaura harami, ya jera matasan Mastura a kujeru yadda aka tsara, don bai ga inda zai ajiye su ba. Ya kama hanyar Makka, rana na dukan tsakar kansa, yana Labbaika shi kaɗai, muryar ba ta wuce gaban mota.

Wajen garin Bahara cunkoso ya tsayar da kowa. Wata bas ta tsaya dab da shi, alhazai maƙil har saman kaya. Ya ɗaga kai, sai ga Abdulghani a kujerar direba yana kallon ƙasa. Da motar tana da rufi, da babu abin da Abdulghani zai gani. Yanzu kuwa komai a fili, tsoho da furfura a rana, da matasai uku babu kowa a kansu.

Abdulghani ya buɗe baki, na baya suka danna ham. Usuman ya yi masa murmushi, ya yi masa alama da hannu ya wuce, kada ya tsayar da mutane. Bas ta tafi. Usuman kuwa sai da aka yi ta yi masa ihu kafin ya share hawaye ya iya ganin hanya.