Hannun da Ke Gurje Mini Walda

Ranar Litinin na tarar an gurje gaɓar walda ta uku a jikin kujerata sumul, sai sheƙi take yi. Nan na san da wata a ƙasa.

Kujera nake haɗawa, aikina na kammala karatun zane da ƙira. Da ƙarafan tsohon gadon asibiti na yi ta, kuma da gangan nake barin waldar gudaji-gudaji kamar tabon ƙuna, don tabon shi ne maganar aikin gaba ɗaya. Injin makaranta ya lalace, shi ya sa nake aiki a shagon Baba, wanda ya shekara talatin yana waldar ƙofofi. Dokar malamanmu guda ce: in aka ga hannun wani a aikinka, ka maimaita shekara. Saura kwana huɗu su duba.

Zargina bai je ko'ina ba sai kan Sarkin Suka. Ɗan ajinmu ne, ya samu sunan ne don ba a taɓa nuna fim a aji ya ce ya yi kyau ba. Malamar sharhin fim ce ta haɗa mu, shi ya ɗauki bidiyon aikina, ni in rubuta sharhin abin da ya ɗauka. Shi ma aikin ƙarfe yake yi, kuma maki ɗaya ne tsakaninmu. Tun ranar farko ya shafa waldata ya ce, "Wannan fasaha ce, ko haɗari aka yi?"

Na shiga gadinsa. In ya miƙa mini abu, ƙasan farcensa nake dubawa ko zan ga garin ƙarfe. In ya yi mini fara'a sai in ƙara tsarguwa, don ruwa ba ya tsami banza. Da na kasa haƙuri na tare shi a bakin shago.

"Kai ne kake gurje mini aiki don a ce ba ni na yi ba."

"Ni? Da zan taɓa kujerar nan, ai bola zan kai ta," in ji shi. "Ranar Asabar na manta kamara a kunne da muka fita cin abinci. Zo ki yi sharhinki."

Muka zauna a kan benci ya kunna. Shago babu kowa, sai fanka tana juyawa. Can sai ga Baba ya shigo. Ya leƙa waje sau biyu, ya tsuguna gaban kujerar, ya daɗe yana kallon waldata yana girgiza kai. Sannan ya ɗauko injin gurza ya bi gaɓar a hankali, ya goge ta da hannun rigarsa, ya yi murmushi. Kunya da haushi suka rufe ni. Sarkin Suka ya rufe kamararsa ya tafi.

Na samu Baba yana auna wata taga.

"Baba, na gani."

Bai ɗago ba. "Malamanki za su tambayi 'yar wa ce. Sai a ce 'yar mai walda ce ta yi wannan ƙazanta?"

"Da gangan na yi, Baba. In suka ga hannunka, shekara zan maimaita."

Ya ajiye ma'aunin. "Da gangan ake ɓata walda?"

Na jawo kujerar tsakiyar shago, na yanke gaɓoɓin nan uku, waɗanda suka fi komai kyau a jikinta. Da na zo sake haɗawa ƙafar ta ƙi tsayuwa, sai zamewa take yi. Baba ya taso ya riƙe mini ita daidai. Na sauke gilashin fuska na fara zuba waldata mai gudaji.

"Ƙara wuta kaɗan," in ji shi, fuskarsa na kallon bango. "In za ki yi muni, ki yi wanda zai riƙe."