Wuƙar da Ba Ta Tsatsa

A unguwar bayan tasha, a Malanbil, rago ba ya faɗuwa ranar suna ko ranar layya sai an kira Na-Allah. Shi ba mahauci ba ne, shinkafa yake aunawa a kasuwa. Amma yana da wuƙa, wuƙar kuma tana da labari, mutane kuwa suna son labari kusan yadda suke son nama.

Labarin shi ne wani maƙeri a garin Gene, Ɗanliti, ya ƙera ta shekarar da Faransawa suka sauke tutarsu, ya tsoma ta da zafinta cikin ruwan wasu saiwoyi da bai gaya wa kowa sunansu ba. Tun daga ranar ba ta taɓa tsatsa ba. A garin da ke bakin kogin Kwara, inda laimar damina ke cin kwanon rufi da ƙusa da kwaɗon ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Soja ya ture farar hula, soja ya ture soja, ƙasar ma ta sake suna, kowa ya wayi gari ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, amma wuƙar tana fita daga kube fara ƙal. Na-Allah kan ce ita kaɗai ce ta riƙe alkawari a ƙasar nan. Yakan faɗa ne a hankali, bayan ya waiga ya ga babu jandarma.

In ya gama yanka sai ya share jinin a gashin ragon, ya mayar da ita kube, ya rataye a ƙusa a ɗakin matarsa Habsatu. Iyakar abin da ya sani game da kula da wuƙa ke nan.

Habsatu ta rasu da farkon damina, bayan layya kaɗan. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita tun ranar layya, bai daɗe ba. Mutanen unguwa suka ga ya kamata a bar dattijo ya huta, sai suka riƙa kiran Atiku, wani matashi mai sayar da kayan keke, wanda ya sayo wuƙar kanti daga birnin Kwatano mai ƙyalli kamar madubi. Na-Allah ya ci gaba da auna shinkafarsa. Ya san hutun da ake ba tsoho, ba a cika zuwa a ce masa ya ƙare ba.

Da ruwa ya fara ɗaukewa, autarsa Ramatu ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka a ɗakin uwarta, ta haifi ɗiya mace. Mijinta Issufu, direban babbar mota mai zuwa Gaya, ya zo ya durƙusa ya ce in an yarda, sunan marigayiya za a sa.

"To," in ji Na-Allah. "Ni zan yanka."

"Baba, an riga an yi wa Atiku magana, don kada a wahalar da kai," in ji Issufu.

"A sake yi mai magana."

Ana gobe suna, da hantsi, Ramatu tana bayan gida wurin wankan jego, ya shiga ɗakin ya sauko da wuƙar. Ya ja, ba ta fito ba. Ya sa kuben tsakanin gwiwoyinsa ya ja da hannu biyu. Ta fito da ƙara, ja kamar ƙasar gini tun daga tsini har mariƙi, da baƙin tabo inda jinin ragon layya ya kwana cikin fata duk damina.

Abin da ya fara zo masa a rai shi ne an karya asirin, kuma ya san wanda zai amfana. Ya ɓoye wuƙar cikin riga ya nufi tasha. Wani makaniki ya tsiyaya masa baƙin man mota a gwangwani, ya ce babu ƙarfen da ba ya jin maganar wannan. Na-Allah ya dawo ya zauna bayan rumbu, ya goge wuƙar da yashi, ya lafta mata man. Ta tashi daga ja ta koma baƙa.

Wari ne ya kawo Ramatu, tana takawa a hankali, zane ɗaure a ƙirji.

"Baba, mota ka saya ba mu ji ba?"

"Koma ɗaki, Auta. Iska bai da kyau gare ki."

Ta dubi abin da ke hannunsa. "Da wannan za ka yanka ragon ɗiyata? Sai dai Issufu shi zuba naman cikin inji."

"Hannu aka sa mata," in ji shi. "Shekara da shekaru ba ta taɓa yin haka ba. Sai yanzu da wani ya sayo tashi."

"Ba a sa mata hannu ba, Baba. Hannu aka ɗauke."

Ta zauna a kan turmi, ta gaya masa, ba da fushi ba, kamar mai kwatanta hanyar kasuwa. Duk ranar da ya yi yanka, da zarar ya fita masallaci, Inna kan zare wuƙar ta wanke da ruwan zafi da toka, ta goge har ta bushe, ta ɗan kanga ta a bakin murhu, sannan ta lakato man kaɗe ta shafa sama-sama da tsumma. Da damina ba ta barinta cikin kube, don fata tana shan laima ta riƙe. Takan naɗe ta a tsumma ta tura cikin tukunyar gero. In aka yi sallama ana kiransa yanka, kafin ya gama neman hularsa wuƙar ta koma kube ta koma ƙusa.

Na-Allah ya juya wuƙar a hannunsa. Kaza ta zo ta leƙa gwangwanin baƙin man, ta wuce.

"Ke kin sani?"

"Duk gidan an sani. Ni nike kawo mata toka."

"Mi ya hana ta faɗi?"

"Ta ce kana jin daɗin labarin Ɗanliti. Ta ce kuma in aka ce mace ke taɓa wuƙar yanka, sai maƙwabta su samu abin tauna."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da wani ƙaramin kwano mai murfi. Man kaɗe ne, ya daskare, da sawun yatsa biyu a samansa. Ta ajiye a gabansa ta koma wurin jaririyarta.

Ya wuni a bayan rumbun. Ya wanke baƙin man da sabulun salo har sau da yawa, ya matsa lemun tsami ya bar shi ya ci tsatsar, ya goge da toka, ya ɗauko dutse ya wasa. Ƙarfen ya dawo fari, amma da ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi yana bakin kaifin, wajen tsakiya. Ya bi kaifin da farcen babban yatsa, farcen ya tsaya. Giɓi ne, ido ba ya ganinsa. Ya ƙara wasawa, giɓin ya tafi, wani ya buɗe kusa da shi, don tsatsar ta shiga ciki. Shi ne kuwa mutumin da ya sha tsayar da yanka a gidajen mutane, yana cewa wuƙa mai giɓi yagar maƙogwaro take yi, dabba ta sha azaba a banza. Ya faɗa a gaban liman, ya faɗa a gaban delege, wato mai unguwa. Yana son faɗar abubuwa a gaban mutane.

Da magariba ta yi, giɓin yana nan. Ya buɗe kwanon, ya lakato man daga gefe, bai taɓa sawun yatsun ba.

Da safe ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ana raba goro, liman ya zauna. Atiku ya zo da wuƙarsa naɗe a jarida, ya ce wucewa kawai yake yi.

"Kana wucewa da wuƙa, kamarad?" in ji wani tsoho. "Ko juyin mulki za ka yi?"

Aka yi dariya kaɗan, aka waiga.

Issufu ya raɗa wa liman sunan, aka jawo ragon, aka kayar da shi fuska gabas. Na-Allah ya zare wuƙarsa. Ta fito fara, tana ɗaukar rana, tsoffin suka gyaɗa kai.

"Aikin Ɗanliti," in ji ɗaya. "Damina guda a rataye, dubi."

Babu wanda zai gane. Rago ba ya kai ƙara, Atiku kuma yana can baya. Na-Allah ya durƙusa, ya dafa wuyan dabbar, ya ji jijiya tana bugawa a tafinsa. Ya sake bin kaifin da farce, ko dare ya gyara abin da wuni bai gyara ba. Farcen ya tsaya a inda ya tsaya jiya.

Ya mayar da wuƙar kube.

"Atiku, ara mini taka."

Mutane suka juyo. Atiku ya matso yana warware jarida.

"Lafiya, Baba? Taka fa?"

"Ta yi tsatsa. Tana da giɓi."

"Wuƙar Ɗanliti?" in ji tsohon nan.

"Ɗanliti ƙira kawai ya yi. Uwar yara ke wanke ta tana shafa mata mai. Ku riƙe ƙafafun da kyau."

Ya yi bisimilla ya yanka, ja ɗaya. Liman ya ɗaga murya ya ce an samu Habsatu, aka shafa fatiha, mata suka yi guɗa daga cikin gida. Tsoffin suka koma kan goronsu. An rage musu labari ɗaya, kuma ba su ji daɗi ba.

Atiku ya miƙo hannu zai karɓi wuƙarsa. Na-Allah ya ce ya dakata. Ya shiga gida ya ɗebo ruwan zafi daga tukunyar jego, ya wanke ta da toka, ya goge, ya shafa mata man kaɗe, sannan ya fito da ita.

"Ai da ba ka wahala ba, Baba," in ji Atiku. "Irin wagga ba ta tsatsa. Haka Turawa suka yi ta."

Na-Allah ya dube shi.

"Matarka tana lafiya?"

"Lafiya lau."

"To, a gaishe ta."

Ya koma ciki, ya zare tasa daga kube, ya naɗe ta a tsumma. Ya tsaya tsakar gida yana dube-dube, har Ramatu ta leƙo ta nuna masa wace ce tukunyar geron.