Baƙin Malam Buba a Gonar Auduga

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, mun matso.

A wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi an yi wata mata, Hansai, wadda ta kasa zaune ta kasa tsaye tun da ta ji dangin Zaharaddeen za su turo bincike ranar Laraba. Zaharaddeen mai awon masara ne a Funtua, shi ke neman ɗiyarta Suwaiba.

Abin da ke cin ta kuwa, mijinta Malam Buba yana da taɓin hankali, irin wanda mutum kan ji muryoyi alhali ba kowa. Uwarsa ma da ciwon ta rasu. Shekara tara yana shan maganin asibiti yana nomansa lafiya, amma manema biyu sun riga sun janye da jin labarin.

Hansai ta bi maƙwabta gida-gida da goro, a rufa mata asiri. Safiyar Laraba ta tasa mijin gaba, ba ta gaya masa dalili ba.

"Malam, tafi tsinkar auduga. Kada ka dawo sai la'asar."

"Yau kuma korata ake yi?"

"Ni dai tafi."

Ta leƙa zaure ya fi sau goma, har wake ya ƙone a tukunya. Shiru. Ta manta, baiwar Allah, mai bincike ba ya fara shiga gari. Na bakin hanya yake tsayarwa ya tambaya.

Da azahar sai ga Malam Buba.

"Hansai, na yi baƙi a gona. Dattawa biyu kan babur. Wai me na sani game da gidan Malam Buba."

Ludayi ya suɓuce mata. "Ka ce me?"

"Na ce ba wanda ya fi ni saninsa. Mai gidan na da ciwo kaza, uwarsa ma haka. Yana shan magani, bai taɓa dukan kowa ba. Yarinyar lafiyarta lau, gobe kuwa sai Allah. Suka ce ina na san wannan duka? Na ce ai ni ne."

"Malam, ka kashe ni! Goron ɗari biyar na raba!"

Daga ɗaki Suwaiba ta ce, "Inna, gara su gudu yanzu da su koro ni da goyo."

Wata uku ba labari, Hansai ta rame. Ashe can gidan su Zaharaddeen ana ta ja-in-ja. Zaharaddeen ya je wurin likita, aka ce masa ciwon yakan bi jini amma ba dole ba ne, in ya zo kuma akwai magani.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Kawun ango ɗaya bai zo ba, har yau bai taka gidan ma'auratan ba. Suwaiba na Funtua da ɗa guda, Malam Buba na shan maganinsa, Hansai kuwa har gobe in ta ga jikan ya yi shiru sai gabanta ya faɗi.