A Kashe Komai

Ranar Laraba, rana ta ƙwalle tun da hantsi, jami'a ta shirya karrama yayata saboda bincikenta kan sauro. Na raka ta zauren taro, amma zama ya gagare ni.

"Sarkin ƙiriniya, tunda ba ka iya zama, je ka leƙa min saurona," ta raɗa min.

Na tarar da ɗakin binciken ya yi zafi kamar tanda. Ashe shugaban ofis ya ce a kashe komai kafin a tafi taro, mai gadi ya haɗa har da na'urar sanyaya ɗakin.

"Komai aka ce, samari," in ji mai gadin.

Na ruga zauren, na iske ana tafa mata. Sauron keji shida kuwa ya riga ya mutu saboda zafi, aikin shekara biyu.