Ranar da Shinkafa Ta Yi Tsada a Gure

A duk faɗin Gure, Hamsatu ce kaɗai ke murna idan shinkafa ta yi tsada. Kada a ɗauki alhakinta, ba mugunta ba ce. Ɗanta Tahiru, shi ke nan gare ta, yana fataucin shinkafa a Damagaram, kuma ba ya ɗauro kaya zuwa Gure sai farashin nan ya ɗara na can har ya fid da kuɗin mota. In ya zo, a gida yake sauka, ya cika cikinsa da tuwon gero, ya yi ta alkawarin gyara mata ƙyauren ɗakinta da iska ke bugawa. In farashi ya daidaita kuwa, sai dai ta ji muryarsa a salula, ita ma a gurguje.

Tun da mijinta ya rasu, gidan ba kowa sai ita da wata akuya mai taurin kai. Shi ya sa kowace ranar kasuwa take yafa mayafi ta nufi rumfar Burahima mai awo.

"Nawa tiya yau?"

"Inna, tana nan inda kika bar ta. Yau dai za ki saya?"

"Tambaya na yi, ɗan nan."

Burahima ya ce salula ce ta ɓata sana'a. In an ƙara a Damagaram da safe, kafin azahar an ƙara a Gure, har Kelle ta ji. In ta sauka, tare suke sauka. Hamsatu ta gane da kyau: babu rata, babu Tahiru. Rabonta da shi tun girbi, kuma kewa ta dame ta.

Da damina ta kankama, motocin kaya suka yi wuya, shinkafar Gure ta kusa ƙarewa, farashi ya yi sama. Matan ƙauyen Gamu da suka zo awo suka koma gida da kwanoninsu wayam. Hamsatu ta taya su cewa Allah ya sawwaƙe, alhali ranta fes. Ta ji kunyar kanta, amma kunyar ba ta hana ta share tsakar gida ba. Ta surfa gero, ta shanya tabarmar Tahiru a rana, har akuyar ta sha labari.

Ran nan da la'asar kamyon, babbar motar kaya, ya tsaya a bakin lungu. Ta fito ba takalmi. Yahya, direban da ke ɗauko wa Tahiru kaya, ne ya shigo da sallama, buhu a kafaɗa. Ta leƙa bayansa.

"Ina Tahirun?"

"Ai Inna, tun kayan suna can ya sayar wa Burahima ta salula. Ya ce yanzu ba sai ya riƙa zuwa ba. Wannan naki ne, ya ce kada tsadar nan ta taɓa ki."

"To zauna ka ci tuwo, yana da zafi."

"Ki yi haƙuri Inna, ana jira na a tasha. Ina zan aje?"

Ta dubi buhun da rabin matan garin za su so samun tiya guda daga cikinsa. Iska ta taso, ƙyauren ya buga bango kamar kullum.

"Tokare mini ƙyauren nan da shi," in ji ta. "Mai gyaran ba zai zo ba."